Yadda Lu'ulu'un Hajjo Ya Ƙarar da Kajin Zango

A shekarun nan da aka sauya tuta a Yamai, Faransawa na ta ɗaure akwatunansu, an yi wani mutumin Maraɗi a Babbar Kasuwa ana ce masa Ɗan'azumi. Sana'arsa gyaran tocila da fitilar ƙwai. Amma in ka ɗan zauna a bencinsa, sai ka rantse gyaran nan taimakon jama'a kawai yake yi da shi, ainihin aikinsa sanin duniya ne. In an yi zancen jirgin sama, ya san matuƙin. In an yi zancen kada, ya taɓa danne wani da hannu ɗaya a bakin kogin Isa.

Inda ya fi cika baki shi ne kan lu'ulu'u, dutsen nan da ƴan birni ke kira diyama. Wata shekara ce ya bi motar albasa zuwa Akra, taya ta fashe kusa da Akwatiya inda ake haƙar dutsen, suka yini a bakin hanya ana faci. Daga gindin itacen da ya kwanta ya hango mutane can nesa suna wanke ƙasa. Iyakar karatunsa ke nan. To amma da ya dawo sai yinin nan ya yi ta girma a bakinsa, ya zama wata, ya zama shekara, har ta kai Turawan kamfani ba sa karɓar dutse sai Ɗan'azumi ya sa masa ido.

Duk ƙaryar nan tasa, abu ɗaya ne gaskiya a cikinsa: yana son Hajjo. Hajjo bazawara ce, mutuniyar Tawa, mai sayar da atamfa, tana da gidanta na kanta a unguwar Zango. Ya daɗe yana kai goro, ita kuwa tana karɓa tana dariya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. In ta gifta ta gaban rumfarsa, sai ya sa wa tocila batir a juye.

Ran nan da hantsi sai ga ta ta tsaya a kansa.

“Malam Ɗan'azumi, kai da ka ce ka san diyama, yau ga aiki ya same ka.”

Ya miƙe har benci ya kife. “Ranki shi daɗe, ni da diyama ai sai dai mu gaisa.”

“To madalla. Wani Bazabarme ne, Sumana, ya komo daga Gana da dutse ɗunke cikin laya. Atamfa yake so ya kai gida, ya ce mu yi musanya. Ni kuwa ban taɓa saye ba, ban ma taɓa gani ba. Ka taho bayan azahar ka duba mini.” Ta gyara lulluɓi, ta ɗan rage murya. “In ka fisshe ni kunya, Juma'a ka turo manyanka.”

Daɗi ya kusa kashe Ɗan'azumi. Ya rufe rumfa tun kafin lokaci, ya je gida ya zuba babbar riga, ya maƙala tabarau, ya ciro gilashin wata tsohuwar tocila ya sa a aljihu, wai madubin bincike. Mai hankali da ya tafi shiru. Shi kuwa duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya tsai da shi ya ce, “In ba ka taɓa ganin yadda ake gwada diyama ba, biyo ni.” Kafin ya isa Zango ya jawo mutane kamar mai wasa da kura.

A tsakar gida an shimfiɗa tabarma. Hajjo na zaune da ƙawarta Aisa, wata mai bakin tsiya da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Sumana na gefe, mutum ne shiru-shiru, ga alama hankalinsa na kan motar Doso. Ya farke layar, ya zazzage abin a tafin hannun Ɗan'azumi.

Ɗan'azumi ya leƙa. Shi a zatonsa zai ga abu mai walƙiya, mai kashe ido. Sai ga wata ƴar tsakuwa kamar ƙwayar dawa, fara-fara, dishi-dishi, ba kyan gani.

Aisa ta leƙo. “Wannan ce diyamar? Ai irinta nake tsincewa cikin shinkafa.”

“Kin ji rashin sani,” in ji Ɗan'azumi. “Ta ƙwarai kunya gare ta, ba ta ƙyalli gaban baƙi. A matsa baya, a ba ni haske.”

Ya kanga gilashin tocila a ido, ya ɗaga kai sama, ya ce “Uhm.” Ya juya gabas ya ce “Uhm-uhm.” Ya huro wa dutsen huci, ya goge a riga. Ya ɗora shi a harshe, ya lumshe ido, ya jinjina kai. Duk abin nan da yake yi, ta gefen tabarau Hajjo yake kallo, ya ga ko tana ganin irin mijin da Allah zai ba ta.

“Malam, da gishiri ko a ƙara?” in ji Aisa.

Mutane suka tuntsire. Ɗan'azumi ya ji haushi, ya ce a fito masa da madubi. Hajjo ta yi jim, don madubi ɗaya gare ta, babba mai katakon ado, wanda ta yi oda tun daga Ikko. Aka fito da shi aka jingina a bango.

“Diyama ta gaskiya tana yanka madubi,” in ji shi. “Ku buɗe idanunku.”

Ya ɗora dutsen a sama, ya danna, ya ja har ƙasa. Ƙiiii! Layi ya fito. Jama'a suka ce “Kai!” Jin wannan “kai” ɗin ya shiga kansa, ya ce bari ya ƙara na biyu a gicciye, ya haɗa da ƙarfin kafaɗa. Ƙas! Madubi ya rabu, rabi ya tsaya, rabi ya kwanta.

Hajjo ta dubi madubinta.

“Wala!” in ji Ɗan'azumi, irin na Faransawa in aiki ya kammala, yana share gumi. “Madubi da kansa ya ba da shaida. Hajjo, saye ki. Wagga ko a Akwatiya sai an tona.”

Hajjo ta sa aka fito da atamfofin da suka shirya. Sumana ya ɗaure kayansa, ya yi godiya da Zabarmanci, “Fofo, fofo,” ya yi sallama, ya kama hanyar tasha ba waiwaye. Ciniki ya faɗa. Hajjo ta miƙo hannu a ba ta dutsenta, har da ɗan murmushi duk da madubin.

Nan ya kamata labari ya ƙare, a yi biki. Amma Ɗan'azumi ya waiga ya ga mutane sun fara juyawa za su watse, abin da zuciyarsa ba ta iya ɗauka ke nan.

“Tsaya tukuna! Saura babban gwaji, wanda Turawa ke rufe ƙofa in za su yi.”

“Malam, ya isa haka nan,” in ji Hajjo. “Na yarda.”

“Ke kin yarda, su ba su gani ba. A kawo faifai da man shanu.”

Ya taɓa jin wani direba na cewa a wurin haƙa ana shafa wa katako maiƙo, a kwararo tsakuwa da ruwa, tsakuwa ta wuce, lu'ulu'u ya manne. Ya lafta wa faifai man shanu. Ya nemi tsakuwa, tsakar gidan Hajjo kuwa a share take ƙal, sai ya ce a kawo gero, duk ɗaya ne. Ya cakuɗa dutsen cikin tafin gero, ya zuba a faifai. Maimakon ya yi abin da zai yi, sai ya tsaya tsakiyar rana yana bayani: yadda wani Bature ya yi kuka ranar da zai bar Akwatiya, yadda aka roƙe shi ya zauna ya ƙi. Rana kuwa ta Yamai ba ta jiran bayani. Man shanu ya narke ya zama ruwa.

Kaji sun daɗe suna lura da geron nan. Akwai na Hajjo, akwai na maƙwabciyarta Inna Tabawa, waɗanda suka saba shigowa ta ɓular zana. Duk suka taru a ƙafafunsa suna miƙa wuya.

Ɗan'azumi ya karkata faifai, ya tsiyaya ruwan buta. Shaa! Gero da mai da dutse suka sulale ƙasa gaba ɗaya. Kafin ya ce “Kai!” kaji sun rufe wurin, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Da suka ɗaga kai, ƙasa ta yi fes.

Ya dubi faifai, ba komai sai maiƙo. Aisa ta duba, Hajjo ta duba.

“Ina dutsena?”

Da ya tsaya cik, da an rufe ƙofa an kama kajin da ke wurin. Sai ya buɗe babbar riga ya yi tsalle ya faɗa kansu. Kaji suka watse, wasu ta ɓular zana, wasu ta kan danga, wasu ta zaure, suka fantsama cikin lungu suka gauraya da sauran kajin unguwa. Shi kuwa ya tashi da gashin wutsiya a hannu, tabarau a karkace.

“Kar hankalinki shi tashi,” ya ce da Hajjo. “Kazar da ta haɗiyi diyama ba ta ɓuya gare ni. Idonta na sauyawa.”

Aka bazu kamun kaji. Maza na bi da riguna, mata na tarewa da zannuwa, aka yi ta kawowa ana ɗaure ƙafafu. Aka kira Malam Haruna, ladanin masallacin lungun, ya zo da wuƙarsa. Ɗan'azumi ya bi layi yana leƙa idon kowace kaza da gilashin tocila. Ya ɗauki wata wake-wake, ya kai kunne, ya girgiza ta.

“Wagga ce. Na ji tana ƙara.”

Malam Haruna ya yi bisimilla ya yanka. Aisa ta feɗe, ta bi tun daga maƙogwaro har ƙundu, ta wanke abin da ke ciki a tasa ta miƙo masa.

Ɗan'azumi ya leƙa tasa, sai fuskarsa ta sauya. Tsakuwoyi ne a ciki, ƙanana, fari-fari, dishi-dishi, kowace kamar ƙwayar dawa. Sai yanzu ya tuna kaza tana cin tsakuwa. Sai yanzu kuma ya gane, duk daɗewar da dutsen nan ya yi a hannunsa, bai taɓa tsayawa ya dube shi da kyau ba. Hajjo ya yi ta kallo. Ko yana cikin tasar, ko ba ya ciki, wallahi bai sani ba. Ga idanu sun yi masa caa.

“Ba ta nan,” ya ce da ƙarfi. “Amma a ajiye. Kawo waccan.”

“Ba kai ka ce ka ji tana ƙara ba?” in ji Aisa.

“Ƙwai ne ya ruɗe ni.”

Aka yanka waccan. Aka yanka ta kusa da ita, wai tana tafiya da nauyi. Aka yanka wata baƙa, wai ta ƙi haɗa ido da shi. Kowace aka buɗe, Aisa ta juye tsakuwar cikin tasa guda, Ɗan'azumi ya leƙa ya ce “A ajiye.” Shi dai fatansa kada layin kaji ya ƙare.

Ana haka sai ga Inna Tabawa ta faɗo gidan, zane a ɗamare, muciya a hannu.

“Wane mara kunya ne ya ɗaure mini zakara?”

“Inna, yi haƙuri,” in ji Hajjo. “Dutsena ne aka haɗiye. Duk abin da aka yanka ni za ni maya miki.”

“Ki maya mini da mi? Zakaran nan shi ke tashe ni asuba. Shi ke tashin ladan ma, in za a faɗi gaskiya!”

Malam Haruna ya sunkuyar da kai yana wasa wuƙa, bai musa ba.

Ɗan'azumi ya ɗaga zakaran, ya auna shi a hannu. “Inna, dubi yadda yake hura hanci. Talakan zakara ba ya haka. Akwai dukiya a cikinsa.”

“Kai ma haka kake hura hanci, mi ke cikinka?”

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Duk da haka aka yanka zakara, Tabawa na zage-zage, Hajjo na ba ta baki. Ba a sami komai ba sai ƙarin tsakuwa. Daga nan abin ya zama na kowa da kowa. Wanda aka kamo kazarsa ya biyo ta yana rantsuwa ba ta taɓa shiga gidan Hajjo ba. Wata mata ta zo da hujja, wai tata kwanci take yi tun jiya. Ɗan'azumi ya ce masu kwanci sun fi kowa haɗama. Har wata zabuwa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, tana wucewa ta bakin zaure, ya nuna ta da yatsa, aka haɗa da ita.

“Malam Ɗan'azumi,” in ji ladan, “wuƙata ta dakushe, la'asar kuma ta yi. Saura nawa?”

Babu saura. Lungun nan kaf ba abin da ke motsi mai fiffike sai tantabaru, su ma sun hau can ƙololuwar bedi.

Nama kuwa ba a barinsa ya lalace. Mata suka hura wuta, aka jera tukwane, wannan ta kawo albasa, waccan ta kawo yaji da tattasai. Ƙanshi ya tashi ya bi iska har bakin titi. Mutanen da ba su san abin da ake ciki ba suka fara shigowa da sallama. Wani mai kalangu ya ji ƙanshi ya ga taro, ya saɓo gangarsa ya shigo yana kiɗa. Wani tsoho ya kama hannun Ɗan'azumi yana girgizawa.

“Ashe an ɗaura ba mu ji ba? Allah shi ba da zaman lafiya!”

Ɗan'azumi ya yi yaƙe, ya zare hannunsa.

Hajjo ta ɗauko tasar da kanta, ta dire a gabansa tsakiyar tabarma. Tsakuwa ta kusa rabin tasa. Mai kalangu ya tsaya, kowa ya matso.

“To, Malam. Kaza ba ta rage ba, ke nan dutsena na cikin nan. Fid da mini shi.”

Ya gyara tabarau. Ya tona da yatsa, ya tona, ya ɗauko wadda ta fi ƙyalli, ya ɗaga sama. “Ga ta!”

Tabawa ta karɓa ta duba. “Wannan ɓallin kwalbar fitilata ne da ta fashe. Kai da kanka ka ce za ka samo mini wata, har yau.”

Ya sake tonawa, ya ɗauko wata fara sol. Aisa ta juya ta, sai ga ɗan zanen fure shuɗi a bayanta, ɓallin tangaran ne.

“A kawo madubin nan!” in ji shi. “Wadda ta yanka, ita ce.”

Aka kawo rabin da ya kwanta. Ya ɗauki wata tsakuwa ya ja, ƙii, ta yi layi. Ya yi tsalle. “Alhamdu lillahi! Na ce muku...”

Aisa ta sa hannu a tasa ba tare da ta duba ba, ta ɗauko wata ta ja. Ƙii, ta yi layi. Tabawa ta ɗauki wata, ita ma ta yi. Malam Haruna ya ajiye wuƙa ya gwada tasa, ta fi ta kowa zurfi.

“Masha Allah,” in ji Aisa. “Ashe kajin Zango duk attajirai ne, mu muna nan muna ba su dusa.”

Wannan karon dariyar har da masu faɗuwa ƙasa. Mai kalangu ya kama kiɗa. Hajjo kaɗai ce ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata Ɗan'azumi. Ta jira hayaniya ta lafa, sannan ta yi magana a hankali.

“Malam Ɗan'azumi, atamfa ta tahi, wata za ta zo. Madubi ma haka. Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Tun kaza ta fari na ga fuskarka, na san ba ka gane shi ba. Na yi shiru in ga ko za ka ce ‘ban sani ba’. Da ka faɗa, da wuƙa ta tsaya. Ka gwammace a ƙarar da kajin unguwa.”

“Hajjo, ai gwajin ne bai...”

“Mijin da bakinsa ba ya iya cewa bai sani ba, wata rana ni zai girgiza a kunne ya ce a yanka.”

Ta ɗauki tasar ta ɗora masa a hannu biyu. Ɗan'azumi ya tsaya riƙe da tasa. Da gaske yake son matar nan, kuma ya ga ta kuɓuce masa a gaban kowa. Ya yi ƙasa da murya, abin da ba a taɓa ji ya yi ba.

“To... Juma'ar fa?”

“Kar ka wahal da manyanka,” in ji Hajjo. “Unguwa ta riga ta ci naman bikin.” Ta juya wurin tukwane. “Aisa, a fara zuba wa Inna Tabawa, a ba ta cinyar zakaranta.”

Aka shiga rabon nama, ba wanda ya ce masa ga fiffike. Ya ratsa taro da tasa a hannu, riga duk maiƙo da gashin kaza. A bakin zaure ya yi karo da wani baƙo da ƙanshi ya jawo. Baƙon ya leƙa tasar.

“Malam, mi ke cikin nan? An ce wai diyama ce?”

Ɗan'azumi ya dubi tsakuwar, ya waiga cikin gida inda Hajjo ta ba shi baya. Ya yi ajiyar zuciya.

“Ban sani ba,” in ji shi.

Ya wuce, kai a sunkuye. Har ya kai bakin lungu, sai ya tsaya, ya juyo, ya ɗaga murya.

“Amma in saye za ka yi, ta ƙwarai ce!”